Mafitan Okabe da Waƙar Shamuwa

Ku samarin da kuke shigowa shagonmu karɓar kayan iyayen gidanku, kusan kowannenku sai ya ɗauki maficin nan da ke rataye kusa da ƙofa. Ya buɗe shi, ya ga layi uku a gefe guda, sauran takardar fari fat, ya ce, "Baba Garba, wannan ma aiki ne? Ai kafin shayi ya huce na yi goma." Ba na jin haushi. Ni ma na faɗi abin da ya fi haka, kuma na ɗanɗana kuɗata. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda abin yake, tun hannuna bai fara rawa ba.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Allo na yi, sai firamare, daga nan aka kai ni Fagge wurin Malam Ado mai rubutun allon shago da bayan mota. Aikin farko da ya bar mini ni kaɗai wata tsohuwar tifa ce. Na rubuta abin da direban ya ce, na zagaye shi da layi, na miƙe. Malam Ado ya zo ya duba, ya nuna kusurwa da ƙafarsa ya ce, "Wannan filin fa, noma za ka yi a ciki?" Na koma na zuba furanni da tsuntsaye har ba wurin sa yatsa. Ka'idarsa ke nan: fili a allo asara ne, kuma mai saye ba ya tafiya sai da gyara. Ko mai ƙuli-ƙuli tana ɗora maka ɗaya a kai, balle mai sana'ar hannu. Da wannan tarbiyya na girma, da ita kuma na zo Guangzhou.

Wani Alhaji na Kwari ne ya kawo ni in riƙa duba masa kaya a kasuwar Canaan. Shi ya daina zuwa, ni na zauna. A wani lungu bayan unguwar Sanyuanli na haɗu da Liang, mai ƙaramin shagon buga rubutu a kan riguna, jakunkuna, lema da mafitai. Lokacin kayan rabon biki sun fara tashe, mutanen Kano da Maraɗi suna son sunan ango da amarya a kan komai, shi kuwa ba shi da mai karanta masa Hausa. Ya ɗauke ni. Ina ce masa lawban, wato maigida, shi kuma har yau Gaba yake ce mini.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Firam ne na katako da aka ɗame shi da yadi mai ƙananan ƙofofi, sai robar jan tawada, sai fitilar da ke gasa hoton rubutu a jikin yadin. Takardar mafici ana buga ta a shimfiɗe, ta bushe, a naɗe ta a cikin ma'auni, sannan a zura mata haƙarƙarin gora da gam. Wanda bai sani ba yana ganin ƙarfi ne. Ba ƙarfi ba ne. In ka danna roba da yawa, harafi ya yi ƙiba. In ka sassauta, ya fito da farin tabo kamar mai ƙyasbi. Kuma akwai watan da bangon garin nan ke gumi, takarda ta sha iska ta kumbura, tawada ta ƙi bushewa. A wannan watan mai gaggawa kayan mutane yake ɓatawa. Na ɓata da yawa kafin hannuna ya faɗa.

A cikin masu kawo mana aiki akwai wani dattijo ɗan Japan, Okabe. Ƙaramin mutum ne, mai furfura, kullum da 'yar jaka a rataye. Yakan zo sau biyu a shekara. In sanyi ya wuce ya kawo aikin mafitai, in zafi ya wuce ya kawo na ƙananan tawul. A garinsu yana da shago, kuma yana cikin wata ƙungiya ta tsofaffi masu yin gajerun waƙoƙi irin nasu, waɗanda suke kira haiku. Kowa ya yi tasa, shi ya rubuta da buroshi, mu buga a kan mafici, su raba wa 'yan uwa kyautar lokacin zafi. Wannan aikin shi ne ƙashin bayan shagon. Na biki yau akwai, gobe babu, amma na Okabe ba ya fashi.

Ranar da na fara riƙe masa takarda na tambaye shi, da guntun Turancina da guntun nasa, "Ina sauran waƙar?"

Ya ce, "Ita ke nan."

"Layi uku? Mu can in mawaƙi ya yi layi uku, gyaran murya yake yi."

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Sai ya ɗaga hannu ya fara naɗe yatsu, daga babban yatsa yake farawa, ba daga ƙarami ba kamar mu. Ya ce layin farko gaɓa biyar, na biyu bakwai, na uku biyar. Dole a sami kalma ɗaya da za ta gaya wa mai karatu wane lokaci ne na shekara, kuma ba a son lokaci biyu su haɗu a waƙa ɗaya. Dole a sami wuri guda da magana za ta yanke, kamar mutum ya tsaya ya ja numfashi, abu biyu su tsaya gefe da gefe. Sannan ba ka faɗin abin da ke ranka. Abin da idonka ya gani kake ajiyewa, ka matsa.

Ya fassara mini wadda ke hannuna. Wata tsohuwa ce ta yi ta. Ta yayyafa ruwa a ƙofar gidanta da yamma don ƙasa ta huce, ragowar gugan ta zuba a ƙofar maƙwabcin da ya tashi. Na ce, "To sai me ya faru?" Ya ce, "Garuba-san, wannan kai za ka ƙarasa." Na gyaɗa kai don ladabi. A raina cewa na yi, mutanen nan rowar tawada gare su.

Aikin da ya zame mini abin tunawa ya zo ne a shekarar da Liang ya tafi ƙauyensu sharar kaburburan kakanni, kamar yadda suke yi in ruwan farko ya sauka. Ya bar mini shago da mafitan Okabe. Na buga rubutun tsaf, ko ɗigo bai kauce ba. Na shanya su, na tsaya ina kallo. Rubutu a can gefen dama yana gangarowa siriri, sauran wuri wayam. Sai na ji muryar Malam Ado a kunnena. Na ce mutumin nan shekara da shekaru yana kawo mana aiki, ko sau ɗaya ba a taɓa yi masa gyara ba, wannan ai abin kunya ne. Na shiga ɗakin ajiya na lalubo wani firam na jan ganye da muka taɓa yi masa a kan tawul. Na haɗa ja mai kyau, na bi mafitan nan kaf na zuba musu ganye a filin. Wallahi sun yi kyau. Ban tambayi kowa ba, don gyara ba a shawara da mai saye.

Okabe ya zo duba kaya rana ɗaya da dawowar Liang. Na buɗe katan da kaina ina murmushi. Ya ɗauki ɗaya ya buɗe. Ya daɗe yana kallo. Ya naɗe shi a hankali, ya ajiye da hannu biyu. Liang kuwa fuskarsa ta koma kamar ganyen.

"Gaba! Wa ya ce ka sa wannan?"

"Kyauta ce, lawban. Ba a lissafi."

Okabe ya ɗaga wa Liang hannu ya dakatar da shi. Ya ce da ni, "Waƙar ta lokacin zafi ce. Wannan ganyen na kaka ne, lokacin da ake jefa mafici bayan akwati a manta da shi. Masu waƙoƙin nan duk tsofaffi ne. In na miƙa wa tsohuwa mafici da ganyen kaka a kai, me na gaya mata?" Ya sa yatsa a inda na cika. "Nan kuma ba fili ba ne. Nan ne ƙofar maƙwabcin."

Sai a lokacin na ga abin da na rufe. Na ba da haƙuri da duk harshen da na iya. Ya ce ya ji. Ya ce aikin tawul zai bar mana, amma na mafici zai kai wani wuri. Liang ya bi shi har bakin titi yana roƙo. Da suka dawo, Okabe ya tsaya a gabana ya ce, "Wanda bai taɓa yin ɗaya ba, ba zai san inda ake bari ba. Ka yi mini guda ɗaya da harshenku, ka buga ta a mafici da hannunka. Ranar da ta yi, aikin ya dawo."

Mafitan da na ɓata, Alhaji Isuhu ne ya kwashe su, wani abokina ɗan Maraɗi da ke sayen kayan mata. Bayan wata biyu ya dawo yana ƙyaƙyata dariya. "Bakano, ina sauran? Mata sun wawashe su. Jan ganyen nan shi ya sayar da su! Mi ad damuwar tsohon nan? Ku Kanawa da gyara, wata rana sai kun yi wa likkafani ado." Na ce masa, "Ku da ba ku san gyara ba, ai sai ku yi ta dariya." Amma dariyar ba ta kai mini ciki ba. Liang bai kore ni ba, bai kuma ƙara tayar da maganar ba. Sai dai ya sallami mata biyu masu zura gora, don babu aikin da za su yi. Kullum na wuce teburinsu sai in kau da kai.

Waƙar da Okabe ya nema, na ɗauka abin kwana biyu ne. Na zauna ina naɗe yatsu a jirgin ƙasa, a layin awon kaya, har a gidan abinci, Isuhu yana cewa, "Malam Garba ya shiga wuridi." Da Okabe ya zo da aikin tawul na tare shi da guda biyu. Na karanta ta farko, na fassara masa. Ya ce, "Wace kalma ce ta biyu?" Na ce kewa, wato son ganin gida. Ya girgiza kai. "Ka faɗa mini, to me ya rage in yi? Wannan ma jan ganye ne." Na karanta ta biyu:

Shamuwa ta zo
kan tsamiyar gidanmu.
A kwashe shanya.

Ya ƙirga, ta cika. Ya tambayi mece ce shamuwa. Na ce tsuntsuwa ce baƙa mai farin ciki, in ta sauka a gari kowa ya san damina ta ƙarato, yara su yi ta yi mata waƙa, mata su fara duban sama. Idonsa ya yi haske. Ya sa na maimaita sunan har ya iya. Na ce a raina, shi ke nan, aiki ya dawo. Sai ya ce, "Yaushe ka gan ta?"

Na tsaya lissafi. Na kasa. Duk zuwan da nake yi gida da rani nake yi, in kasuwa ta yi sanyi, in juyo kafin hadari ya fara haɗuwa.

Ya ce, "Akwai masu yi daga tunani, ban ce laifi ba ne. Ni dai malamina bai yarda ba, ni ma ban yarda ba. Ajiye ta, tana da kyau, ranar da ka gan ta ka buga. Yanzu ka kawo mini abin da ke gabanka. A garin nan me ke gaya maka lokaci ya juya?"

 Na fi shekara goma a Guangzhou, amma abin da na sani shi ne lokacin baje koli, lokacin da jirgin ruwa ke tsada, da lokacin da masana'antu ke rufewa. Daga shago sai masallaci sai ɗaki. Ban taɓa ɗaga kai ba.

Daga nan muguwar shekara ta shigo, shekarar annoba. Jirage suka tsaya. Canaan da ba a iya wucewa sai da kafaɗa ta koma kamar an share. Biki ya tsaya a gida, aikin rabo ya mutu. Duk wanda ka tambaya aiki sai ya ce meyo, babu. Mai gidan da nake haya ya fara ɗari-ɗari da baƙar fata, Liang ya ce in ɗauko katifata in shimfiɗa tsakanin teburan shanya. Muka zauna mu biyu muna wanke firam ɗin da ba su yi datti ba.

Wata safiya ya aike ni titin Liuhua Lu karɓo takarda wurin wani da ya yarda ya buɗe mana. Titin nan da otal-otal da motoci, ranar ba kowa. Ina tafe sai na ji abu ya faɗo a bayana, tim, kamar an yar da mangwaro. Na juya. Fure ne ja, mai kauri, ya kai tafin hannu. Na ɗaga kai. Itace dogo, ba ganye ko ɗaya, sai jan fure har sama. Na ce, gurjiya! Ko ba ita ba ce, 'yar uwarta ce ta jini. Na wuce ƙarƙashin itatuwan nan ya fi a ƙirga. Can gaba ga wata tsohuwa da takunkumi a fuska, ta duƙa tana tsintar furen tana zubawa a leda. Daga baya Liang ya ce shanya shi suke yi, su dafa. Mu ma a ƙauyenmu Inna takan tsinto shi ta shanya a kan rufin ɗaki don miya. Na tsaya har tsohuwar ta cika ledarta ta tafi. Kafin in kai shago yatsuna sun gama aikinsu.

Na yanka takarda mafi kyau da ta rage mana. Na rubuta da hannuna, na gasa firam, na ja roba sau ɗaya. Na sa rubutun a gefe, ban ƙara komai ba, ko da yake hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Na zura gora da kaina. Liang ya duba ya ce, "A aika masa hoto ta waya." Na ce a'a, cewa ya yi in buga, mafici kuwa a hannu ake buɗe shi. Na rataye shi kusa da ƙofa muna jiran a buɗe hanya.

Hanya ta daɗe ba ta buɗe ba. Da ta buɗe, 'yan Kano suka dawo, 'yan Yamai suka dawo, Isuhu ya dawo da sabon tumbi. Gurjiya ta yi fure ta zubar, ta sake yi. Okabe bai zo ba, wayarsa ma ta daina shiga. Duk wanda ya turo ƙofa da 'yar jaka a rataye sai na miƙe.

Wata rana da hantsi wata mata ta shigo, ta gaishe da Liang da sunkuyawa. Ta ce sunanta Emi, 'yar Okabe ce, ita ke riƙe da shagon yanzu. Mahaifinta ya rasu a shekara ta biyu ta annoba. Na ajiye robar da ke hannuna. Abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa ba nawa ba ne, ni dai ya yi mini halacci. Ta ce tawul ta zo yi, ko da yake lokacinsa bai yi ba. Ta ce ya taɓa gaya mata akwai wani a shagon nan da yake jiran waƙarsa, amma ba ta san ko da gaske yake ba, don mutum ne mai zolaya.

Na sauko da maficin, na kaɗe shi, na miƙa mata da hannu biyu. Ta buɗe. Ta ce in karanta a hankali. Ta ɗaga hannu, ta fara daga babban yatsa.

Furen gurjiya.
Tsohuwa tana tsinta,
ba Inna ba ce.

Ta ƙirga ta cika. Na fassara mata, na nuna mata irin itacen a bakin titi, na ce Inna ita ce mahaifiya. Ba ta tambaye ni ko Inna tana raye ba. Ta dubi farin wurin da na bari, ta daɗe, kamar yadda ubanta ya daɗe a kan jan ganye. Sannan ta naɗe maficin, ta juya wurin Liang ta ce, "Tsofaffin sun ragu, amma akwai waƙoƙin bana. Za ku iya gamawa kafin zafi?"

Liang ya ce she-she, wato na gode, ya fi sau nawa, har da ni ya haɗa. A makon ya kira matan nan masu zura gora. Ɗaya ta dawo, ɗaya ta riga ta koma ƙauye. Emi ta so ta tafi da maficin, na buga mata wani, wannan na mayar da shi ƙusarsa. Shi ne kuke ɗauka kuna cewa kafin shayi ya huce.

Don haka in kuna son koyo, ku zo, ƙofa a buɗe take. Jan roba wata shida ya isa. Ƙirga biyar, bakwai, biyar kuwa ko yau kun iya. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne ka ga fili ka bar shi, hannunka yana ƙaiƙayi.

Firam ɗin waƙar shamuwa na gasa shi tuni, yana ɗakin ajiya a naɗe da jarida, tawada ba ta taɓa shi ba. Matsalar ita ce lokacin da shamuwa ke sauka a gida shi ne lokacin da aikin mafitai ke kan wuta a nan, kuma ni ne na jawo aikin ya dawo. Bara Isuhu ya kira ni daga Maraɗi yana ihu, "Bakano, ga tsuntsuwarka nan bisa icce, har biyu! In ɗauko maka hoto ka buga abinka ka huta?"

Na ce, "Bar hotonka, Alhaji. Ka dai gaya wa mutanen gida su kwashe shanya."